Manaja Ba Ya Buɗe Bonet a Titi

Yayana ba manaja ba ne. Magatakarda ne a wani sito na kayan gini, aikinsa duba abin da ya shiga da abin da ya fita. Amma tun ranar da ya shigo layinmu da wata 'yar ƙaramar jif ta hannu yana danna hon kamar ya ci zaɓe, masu zaman benci suka laƙa masa Manaja. Su da tsiya suka faɗa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Motar nan, Allah ya sawwaƙe. Dillali ya wanke ta ya goge, ta waje sai sheƙi, ta ciki kuwa tsohuwa ce tukuf. Giya ba ta shiga sai an lallaɓa ta. Shokazoba ta mutu, ko tsakuwa aka taka sai haƙoranka sun haɗu. Ƙofofin baya ba sa buɗuwa daga ciki, gilasansu ma sun ƙi sauka. Babbar cutarta kuwa zafi: lagireto na yoyo, fanka ta yi aiki yau ta huta gobe. Bakanikensa ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa gyaran zai ci kuɗi, amma in ya bari injin ya ƙone, abin da zai kashe sai ya ninka. Manaja ya ce bakanike ɓarawo ne. Kuɗin da ya kamata su tafi lagireto ya kai su wajen mai rigar kujera da mai liƙa baƙin gilashi. Fitilar da ke kunnuwa ja a gabansa kuwa, ya yanko salatif baƙi ya rufe ta, wai tana ɗauke masa hankali.

Kuma yana da doka guda: ba ya buɗe bonet a titi. In mota ta yi zafi, sai ya gangara gefe, ya fito, ya jingina da ƙofa ya kara waya a kunne yana gyaɗa kai, kamar ana ba shi rahoto daga ofis. Alhali ba kowa a kan wayar. Sai ya ga ƙafa ta ɗauke sannan ya lallaɓa ya ɗura ruwa daga jarkokin da yake ɓoyewa a ƙasan kujerar gaba, an lulluɓe su da tawul.

Da a ce duk wannan shi kaɗai ya shafa, da na ce can ta matse masa. To akwai 'yarsa ta fari, wadda ta ci sunan mahaifiyarmu, shi ya sa nake ce mata Uwata. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta da zance sai aikin jinya. Ta sha rubuta jarrabawar makarantar nas-nas ba a dace ba, bana ta ci, aka kira ta intabiyu a babban gari. Sau ɗaya ake kiran suna, wanda ba ya nan ya rasa. Shekarunta kuma sun kai iyaka, baɗi ba za su karɓe ta ba.

Ni na ɗinka mata kayan da za ta sa, ni na je tasha na kama mana kujera a motar farko. Da Manaja ya ji, sai ya hura hanci. Wai 'yarsa ba za ta isa gaban manya tana tsamin motar haya ba, alhali ubanta na da jif. Na roƙe shi, na haɗa shi da girman iyaye. Ya ce ni tela ce, me na sani game da mota. Matarsa kuwa ta riga ta gaji da yi masa magana. Uwata ta dube ni ta ce in bari kawai, kada ran Baba ya ɓaci.

Muka fita da sassafe, mun riga motar hayar tashi ma. Ni da Uwata a baya, tunda gaba ta jarkoki ce. Tana riƙe da takardunta a cinya, bakinta na motsi tana bitar amsoshi. Shi kuwa ya ƙure rediyo don kada mu ji injin na kuka. Da muka fara hawan wani dogon tudu sai na ji ƙauri, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Na yi magana, ya ce hancina ne. Can sai ga tururi yana tsattsafowa ta gefen bonet.

Ya gangara gefe, ya kashe inji ya bar rediyo a kunne, ya fito ya rufe ƙofarsa. Ya jingina, ya ciro waya.

Muna zaune a ciki kamar kaji a akurki sai ga motar hayar nan, ita dai wadda na kama mana kujera. Direban ya san shi, ya rage gudu, ya tsaya daidai gabanmu, ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Wallahi ina hango kujerunmu biyu ba kowa a kai. Na murɗa hannun ƙofa, shiru. Na danna abin gilashi, shiru. Na shiga dukan gilashin da tafin hannu ina ƙwala kira, amma rediyo na ta ɓaɓatu, baƙin gilashinsa kuma ya yi aikin da aka saye shi dominsa. Direban bai gan mu ba.

Yayana, ɗan uwana uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗaga wa mutumin hannu yana murmushi.

"Lafiya lau, waya nake amsawa. Ku je abinku."

Ya ji dukan da nake yi. Bayansa na jingine da motar, dole ya ji. Motar haya ta ja ta haye tudu, Uwata ta bi ta da ido har ta ɓace.

Sai da titi ya yi wayam sannan ya buɗe bonet ya kwarara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Wani abu ya ce ƙas. Ya dawo ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta yi gum. Da ya buɗe mana ƙofa ban bar masa komai ba, na wanke shi tas, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ya shiga borin kunya, wai man da aka sayar masa ne gurɓatacce.

Wata babbar motar siminti ce ta ji tausayinmu daga baya. Manaja ya ƙi shiga, ya ce ba zai bar jif ɗinsa a daji ba. 'Yarsa dai ya bar wa direban da bai sani ba. Muka yi ta rarrafe a tudu, muka isa rana ta take, kayan Uwata sun yi furu-furu da ƙura. Maigadi ya bar mu muka shiga saboda ya ga halin da muke ciki. A barandar ofis wata ma'aikaciya tana jera kujeru. Ta ce an kira sunan har an maimaita, masu intabiyun sun tashi. Na durƙusa mata, ni da furfurata. Ta ce da a hannunta abin yake da ta taimaka, kuma na yarda da ita.

Uwata ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi ta yi a motar dawowa, ita tana ba ni haƙuri.

Da yamma muka shigo layi. Ga Manaja a kan benci, ya yi wanka ya canza riga, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ashe janwe ya samu, ya sa aka ja jif ɗin aka kai ta gareji ta bayan gari don kada a gani. Yana shaida wa mutane cewa ya sauke mu lafiya, ya biya ya bar ta a yi mata sabis, don irin waɗannan motocin ba a wasa da sabis ɗinsu. Da ya hango mu sai ya yi tsuru-tsuru, amma bakin bai mutu ba. Ya yafito yarinyar, ya ce ta faɗa wa baffanninta yadda aka yi.

Na buɗe baki zan tona shi, sai na ji ta matse mini hannu. Ta russuna ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Sun ce za su neme mu, Baba."

Ya saki ajiyar zuciya, ya juya yana cewa kun ji ko, ai 'yar gidan nan ba ta faɗuwa. Aka yi ta sa albarka. Ko kunya bai ji ba, har da gyara zama.

A ɗakina ta cire takalmanta, ta ninke kayan da na ɗinka mata ta ajiye a bakin gado. Ta ɗan jima tana kallon keken ɗinkina.

"Gwaggo," ta ce, "gobe in zo ki fara koya mini?"