Rufin Yadi da Ruwan Furen Lemo

Amarya Mirna ta isa coci a garin Batrun ranar Asabar cikin motar kawunta mai buɗaɗɗen sama, amma rufin a rufe yake. Ba wanda ya ga kwalliyarta sai da ta fito.

Motar ta Tanyus ce, makanike mai gareji a bakin teku. Tsohuwa ce, rufinta na yadi ne da ake naɗewa baya, kuma an daina samun irinsa a kasuwa. Ranar Alhamis ya wanke yadin da buroshi mai laushi, ya dinga danna tawul yana tsotse ruwan. Ya bar motar a inuwa, rufin a miƙe, fanka na kaɗawa, don iskar teku ba ta busar da abu da wuri. Sai Juma'a da yamma ya fesa maganin hana ruwa ratsawa.

Da safiyar biki ƙanwarsa Jurjet, uwar amarya, ta shigo da kwalbar ruwan furen lemo. Kafin ya ajiye kofin gahawa ta yayyafe motar gaba da baya, har rufin, tana addu'a.

"Ke Jurjet! Mota ce fa, ba kek ba."

"Albarka nake sa mata, Yaya. Naɗe abin nan mu tafi. 'Yata ba za ta ratsa gari a ɓoye kamar kayan sata ba."

Tanyus ya ɗora bayan hannu a kan yadin. Akwai danshi. In ya naɗe shi haka, maganin da bai gama kamawa ba zai manne a ninkin, fumfuna ta biyo baya, rufin ya tashi aiki.

"Yau dai ba zai naɗu ba."

"Wato ka fi son tsumman nan da 'yarka?"

"Ita ta samu miji. Shi ni kaɗai gare shi."

Mirna ce ta raba gardamar. Ta leƙo, kai ya sha gyara, ta ce, "Kawu, bar shi a rufe. Mama, kin san abin da iska za ta yi wa gashin nan kuwa?"

Haka aka tafi, ana ta danna hon, mota na ƙamshin fure. A wurin walima Tanyus ya yi rawa har ya yi gumi. Jurjet ta ƙara masa nama a faranti ba tare da ta kalle shi ba.

Ranar Litinin yadin ya bushe sarai, babu tabo. Ko maganin ya kama a inda ruwan furen ya sauka, Tanyus bai sani ba tukuna, sai ruwan sama ya gwada shi. A ƙasarsu kuwa ba a sa ran ruwan sama kafin Oktoba.