Aljanin Sista Rifkatu

Ni na fara jin abin, kuma ni na kai labari. Gara in faɗa tun yanzu, kada daga baya a ce na wanke kaina.

Sista Rifkatu nas ce a wani asibiti nan Birnin Kudu, 'yar Bogoro ta jihar Bauchi, Kirista. Shekara biyu tana haya a ɗakin da ke manne da na surukata, Inna Kubra. Ranar da ta tare, maigidana Salihu ya kafa mata sharaɗi guda: addininta nata ne, ta je cocinta ranar Lahadi ta dawo, amma ba a yi masa coci a cikin gida. Ta ce ta ji.

Inna tana da ciwon suga, allura kullum safe, ga wani gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Kafin zuwan Sista, allurar nan daga ce. Ni dai Inna ta yanke hukunci tun ranar farko cewa hannuna na daka ne. Sista kuwa sai ta shigo da fararen kayanta, ta zauna bakin gado, ta ja Inna da hira. Kafin a kai rabin labarin shanun babanta na Kangire, allura ta shiga ta fita, an wanke ƙafa an naɗe. Mu gaisuwa muke yi mu wuce, Sista ce ke zama.

Wata Talata da la'asar ina kwashe shanya a bayan ɗakin Sista sai na ji murya. Da Hausa ta fara addu'a ƙasa-ƙasa, wannan na saba ji. Sai harshen ya juye. Ba Turanci ba ne, ba kuma Sayancin da take yi da danginta a waya ba. Kalmomi ne ke ta zubowa da gudu, tana kuka, kukan kuma bai yi kama da na baƙin ciki ba. Na bar zani a igiya na yi ɗakin Inna.

Inna ta kara kunne a bango, ta daɗe tana saurare, sannan ta gyaɗa kai kamar likitan da ya ga takardar gwaji.

"Iska ce. Mutum kullum cikin jini da gawa, ai dole." Ta damƙe hannuna. "Zahara'u, kada Salihu ya ji. Korar ta zai yi."

Mako guda muna magani a ɓoye. Na turara ƙofar Sista da habbatus sauda safe da yamma. Inna ta yi tofi a man zaitun, ta shafa mata a hannu wai don kaushi. Sista ta yi godiya, ta ce kwana biyun nan gidan yana ƙamshi. La'asar na yi, aljani ya dawo bakin aikinsa, har murya ta ƙaru.

Ranar Laraba na gaya wa Salihu. Na ce masa tsoro nake ji saboda yarana, kuma gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan, Inna ba ta taɓa ba ni labarin shanun Kangire ba. Abin yana ci mini rai, kuma ina jin kunyar cewa yana ci mini.

Salihu ya ba ni mamaki. Ya ce in larura ce, ba a korar mai larura, zai kawo Malam Sada mai ruƙiyya in ta yarda. In kuwa wani abin cocinsu ne, to ta san sharaɗi. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko zai tambaye ta da bakinsa.

Inna ba ta jira Juma'a ba. Ranar Alhamis muryar na tashi ta dogara sandarta, ta ce in biyo ta. Ta sha zama inda ake ruƙiyya, ta haddace tambayoyin. Muka tarar da Sista a durƙushe gaban gado, ido rufe, hannu a sama. Inna ta yi a'uziyya, ta daka tsawa.

"Kai! Wane ne kai? Musulmi ne kai ko ba Musulmi ba? A ina ka same ta?"

Sista ta ci gaba da addu'arta. Inna ta dube ni.

"Ba ya jin Hausa."

Ta sake gwadawa da ɗan Fillancin da ya rage mata daga gidan babanta, wanda duka bai wuce gaisuwa da kiran shanu ba. A nan Sista ta buɗe ido, ta gan mu, ta ga kaskon wuta a hannuna. Ta share fuska, ta shimfiɗa wa Inna tabarma.

"Inna, ba aljani ba ne. Mu Ruhu Mai Tsarki muke ce masa. In addu'a ta yi mini nauyi, kalmomina suka ƙare, sai ya cika ni, bakina ya ci gaba. Magana da harsuna ke nan. Shekara da shekaru ina roƙo, bana aka ba ni."

"To me kike cewa?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ba ki sani ba, kuma ba iska ba ce."

"Ba iska ba ce. Abin da na sani shi ne inda Hausata take ƙarewa. Kullum a kan ƙafarki ne."

Inna ta dubi ƙafar tata a naɗe. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka.

"Ji nan, 'yar nan. Gobe in Salihu ya tambaye ki, ki ce ba ki san lokacin da abin yake zuwa ba. Sauran ki bar mini. Malam Sada ya zo ya yi karatunsa, ya sha shayi, ya tafi. Sai a ce aljanin mai taurin kai ne. Akwai matar da na sani a Maruta, shekara ashirin tana tare da nata, ba wanda ya kore ta."

Dabarar ba ta da ɓaraka ko ɗaya. Ni kaina na ji sanyi a raina, don na ga hanyar da ɓarnata za ta gyaru ba tare da na ce komai ba.

"Inna, komai kika ce in yi miki zan yi," in ji Sista. "Amma ba zan tsaya a kira shi aljani ina ji in yi shiru ba. A wurinmu babu saɓon da ya kai wannan."

"Kalma ɗaya ce fa."

"Ita ce ba zan iya ba."

Ranar Juma'a Salihu ya tsaya a tsakar gida, bai ko cire hular masallaci ba. Kafin ya rufe baki Inna ta ce iska ce, ita shaida ce, ta ma yi magana da shi. Sista ta durƙusa ta ce a gafarce ta, ibada ce. Salihu ya tambaye ta ko za ta iya dainawa. Ta ce za ta yi ƙoƙarin rage murya, amma ba za ta yi alkawarin abin da ba a hannunta yake ba. Ya ce maƙwabta sun fara tambayarsa, kuma shi ya kafa sharaɗin nan a gaban mutane. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Da ya shigo ɗaki bai taɓa tuwonsa ba.

Dama an daɗe ana neman mai zuwa wani ƙaramin asibiti a Gwaram, sai ta karɓa. Sauran kwanakin ta ƙare su tana koya mini allura a jikin lemo. Na huda lemo ya fi ashirin. Ba ta taɓa tambayata yadda Salihu ya ji ba, ni kuma da ta tambaya da na fi samun sauƙi.

Washegarin tafiyarta na shiga da allura da auduga. Inna ta miƙo hannu, ta juya fuska bango. Na yi a hankali iyakar iyawata, na wanke ƙafa na naɗe. Ba ta ce hannun daka ba, ba ta kuma ja ni da hira ba.

Da la'asar na kai mata ruwan alwala, na tarar ta jingina, kunnenta a manne da bangon nan.

"Inna, ai babu kowa a ciki."

"Na sani," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba. "Ke da kika iya kai labari, je ki gaya wa Salihu gidansa ya yi shiru."