Hannun Koci Dostal

Koci Vernon Dostal yana tsaka da jan layin fili da farin fenti, safiyar Asabar, sai ya ji takun mutum a bayansa. Bai waiwaya ba. A garinmu Prasek babu mai zuwa filin makaranta cikin wannan sanyi sai mutum biyu, shi da Tobias Rezac, yaron da ke jefa wa ƙungiyarmu ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita.

"Koci, ina kwana."

"Ka taka mini layi, yau a benci za ka kwana."

Tobias ya ja da baya, ya cusa hannu cikin aljihu. Shekararsa goma sha bakwai, dogo ne siriri, kuma shi ne kwatabak, wato shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari. Amma ba shi ke faɗin abin da za a yi da ita ba. Ko a ruga da ita ta tsakiya, ko a jefa hagu, ko a jefa nesa, wannan maganar Koci ce. Shekara talatin da wani abu Koci yana tsayawa a bakin fili yana yin alama da hannu, kawuna goma sha ɗaya suna juyowa suna karantawa.

Da yammar ranar za mu kara da 'yan garin Halvor, kuma wanda aka cinye ya gama wasa sai baɗi. Kocinsu, tsoho Orval Lindgren, ya yi shekaru a jere yana lallasa mu, har mun fara ɗaukar abin kamar sanyin hunturu, dole ya zo.

"Koci, akwai maganar da nake so in yi, amma kada ka yi fushi."

"To na riga na yi. Faɗi."

"Sun san hannunka."

Koci ya tsayar da keken fenti.

"Na kalli bidiyon wasan bara da na bara waccan," in ji Tobias. "Koci Lindgren ba ya kallon fili sam. Kai yake kallo. Kana taɓa kunne, yana tura mutanensa hagu. Kafin in karɓi ƙwallo sun riga sun isa wurin suna jirana."

"Kai da aka haifa jiya! Da alamun nan na koyar da ubanka, lokacin ko gemu ba shi da shi."

"Ai matsalar ke nan, Yallaɓai. Babana ya san su. Mai gidan mai ya san su. Kakata ma tana zaune a bencin 'yan kallo tana gaya wa ƙawayenta abin da zan yi kafin in yi."

Yaron bai san abin da ya taɓa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Alamun nan a teburin kicin aka haife su. Shekarar da Vernon ya kama aiki, ya rasa yadda zai yi alamun da ba zai manta ba, sai ya zauna yana kallon matarsa Marlene tana hidimarta. In tana tunani sai ta murza ɗan kunne: wannan ya zama jifan hagu. In ta fusata sai ta dafa ƙugu: wannan dogon jifa. In ta gama girki sai ta goge tafin hannu a gaban riga, sau biyu: wannan a kutsa ta tsakiya. Ta yi ta dariya ranar da ta fara ganinsa yana kwaikwayonta a gaban gari guda, ta ce ko sisi ba a biya ta ba. Hunturun bara waccan ta rasu. 'Ya'yansu biyu suna can manyan birane, sukan kira ranar Lahadi in sun tuna. Kaɗaici ya kama Vernon, irin wanda ba ya sakin mutum ko cikin taro, kuma mu da muke gaishe shi a kanti muna gani muna kau da kai, don ba mu san me za mu ce ba. A mako guda, lokacin da idon mutum yake sauka a kansa da buƙata shi ne lokacin da yaran nan suka juyo suna jiran hannunsa.

"Sai ka ce in canza su yau da safe?" in ji Koci.

"A'a. Ka ci gaba da yin su. Mu ma za mu riƙa juyowa muna kallonka kamar kullum. Amma in mun haɗa kai, ni zan faɗi abin da za a yi. Su su bi hannunka, mu mu bi wani wuri."

"Wato in zama mutum-mutumin gona."

"Ba haka nake nufi ba, Koci."

"Haka kake nufi. Wuce ka ci abinci."

Ya ƙarasa layinsa, na ƙarshen ya ɗan karkace, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya koma gida ya ɗumama miyar wake da nama da ya dafa tun tsakiyar mako. Har yanzu bai iya girkin mutum ɗaya ba, tukunyar kullum cike take. Ya ci a tsaye, yana kallon gonar masarar maƙwabci da aka riga aka girbe. Da ya gama ya tsinci kansa yana goge hannu a gaban riga, sai ya tsaya cak, ya sauke hannun.

Da aka busa usur gari duka yana filin. An rufe kantin kayan gona, an rufe gidan aski, tsofaffi sun lulluɓe da barguna, ana ta zagayawa da kofunan cakulan mai zafi. Koci bai ce wa Tobias uffan ba game da zancen safe, yaron kuma bai sake tayarwa ba.

Koci ya murza kunne. Tobias ya jefa hagu, ya tarar da 'yan Halvor biyu suna tsaye a wurin kamar an aika musu goron gayyata. Koci ya goge hannu a riga, mai gudunmu ya kutsa ta tsakiya, ya yi karo da bango. Wannan karon Vernon ya yi abin da ya daɗe yana gudun yi, ya ɗaga kai ya dubi can ƙetaren fili. Ga Orval Lindgren nan, gajere, da jar hularsa da tumbinsa, ko ƙwallo bai kalla ba, ya zuba wa Vernon ido. Vernon ya dafa ƙugu. Nan take Orval ya ɗaga hannu, 'yan wasansa suka ja da baya suna jiran dogon jifa.

Aka tafi hutun rabin lokaci suna da maki goma sha bakwai, mu ko ɗaya babu. Wani daga benci ya yi ihu, "Vernon, ka aika musu wasiƙa mana, ya fi sauƙi!" Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi.

A ɗakin sauya kaya yara suka zauna, hulunan kwano a ƙasa. Leɓen Tobias ya fashe, yana danna masa ƙanƙara. Koci ya daɗe yana kallonsu. Ya san abin da ya kamata, ya kuma san abin da zai rasa, kuma ba ya so. Ya ji haushin yaron, ya ji haushin Orval, ya ji haushin Marlene ma da ta tafi ta bar shi da hannuwanta.

"Rezac."

"Na'am, Koci."

"Ƙwallo taka ce. Abin da ka faɗa shi za a yi. Sauran ku, ku riƙa kallona kamar da, ku gyaɗa kai ma in kun ga dama. Wanda ya yi murmushi zan karya masa ƙafa."

Aka koma fili. Koci ya murza kunne, kawuna goma sha ɗaya suka juyo, Tobias ya gyaɗa kai da ladabi. 'Yan Halvor suka kwarara hagu. Ƙwallo ta tashi dama, ta sauka hannun wani ɗan siririn yaro da babu kowa kusa da shi, ya ruga har ya tsallake layin ƙarshe, muka ci maki. Benci ya ɗauki ihu. Ba a jima ba aka sake, wannan karon Koci ya dafa ƙugu, su suka ja baya, mu muka bi ta tsakiya.

Daga benci ba a ganin bambanci. Koci kaɗai ya san shi. Fuskokin suna juyowa, amma idanun ba sa tsayawa a hannunsa, wucewa suke yi ta cikinsa, yadda ake kallon taga. Kowane yaro kunnensa yana wurin Tobias. Koci ya ci gaba da murza kunne, da dafa ƙugu, da gyara tabaran da ba ya sawa, yadda Marlene take gyara nata, yana ji kamar yana magana cikin wayar da aka riga aka katse. A duk faɗin filin nan mutum ɗaya ne yake karanta shi da gaske, da dukkan hankalinsa, kuma yana sanye da jar hular abokan gaba.

Lokaci ya kusa ƙarewa suna gabanmu da maki uku. Tobias ya kai mu dab da layinsu, saura yadi biyu, kuma hari ɗaya ya rage. Babu mai zama a benci.

Nan Koci ya manta da yarjejeniya. Yadi biyu! Duk rayuwarsa abin da ya sani shi ne, yadi biyu ba a wasa da shi a iska, a ƙasa ake ƙwato shi da kafaɗa. Ya matso har ya taka layin da ya ja da safe, ya kama idon Tobias, ya goge hannu a gaban riga, sau biyu, da ƙarfi. Wannan ba ta yaudara ba ce. Da zuciyarsa duka ya yi ta, yana roƙon yaron ya gane, ya bi shi ko sau ɗaya.

Tobias ya gyaɗa kai, daidai yadda ya yi ta gyaɗawa.

Orval, wanda ya fara shakka tun ɗazu, ya ga yadda Vernon ya matso, ya ga fuskarsa. Ya san wannan fuskar ba ta iya ƙarya. Ya tura mutanensa kaf tsakiya. Tobias ya yi kamar zai miƙa wa mai gudu, ya janye ƙwallo, ya cilla ta a hankali can kusurwa, inda babu ko inuwar ɗan Halvor, yaronmu ya cafke ta a bayan layi, muka ci wasa.

Gari ya zubo cikin fili. Aka ɗauki Tobias sama. Mai ihun wasiƙa shi ne ya fara zuwa ya bubbuga kafaɗar Koci yana cewa, "Tsohon dila! Wannan ta ƙarshen har ni ka ruɗa!" Koci ya ce na gode. Ya san da yaron ya yi masa biyayya, da yanzu muna tattara kaya sai baɗi.

Da taro ya ja gefe, Orval ya ƙetaro filin yana ɗingishi, ya miƙa hannu.

"Ɗan banza, ashe ka iya ƙarya."

"Ban iya ba. Yaron ne ya iya."

"Na sani. Ta ƙarshen nan da gaske ka yi, ko?"

Vernon ya kau da kai. Orval ya yi dariya har ya yi tari.

"Shekarar farko ma na gane su, ka sani. Na taɓa cin abinci gidanku, na ga Marlene ta gama tuya ta goge hannu a riga, na ce to, ga tsakiya nan. Tun da ta rasu, in kana yi sai in riƙa ganinta. Wani lokacin har in manta in tura yarana."

"Amma ba ka cika mantawa ba."

"Aiki aiki ne, tsoho." Orval ya gyara hula. "Yau na gama, Vernon. 'Yata ta matsa in koma wurinta, can inda babu ƙanƙara. Gwiwoyin nan sun ƙi."

Vernon ya so ya ce masa akwai tukunyar wake a gida, cike. Maganar ta zo har bakinsa, sai direban Halvor ya danna ham. Orval ya ɗaga masa hannu ya tafi yana ɗingishi, motar ta bi hanyar da ta ratsa gonaki.

Tobias ya dawo yana haki, gashinsa ya jiƙe, leɓen ya sake fashewa.

"Koci! Ka gani? Mako mai zuwa ma haka za mu yi, ko? Kai kana alama, ni ina kira."

"Waɗanda za mu haɗu da su daga can yamma suke. Ba su taɓa ganina ba. Wa zan ruɗa?"

Murnar ta ɗan ragu a fuskar yaron.

"To sai mu koma yadda muke. Ba su san alamun ba, ai sai ka kira da kanka."

Koci ya dubi kusurwar da ƙwallo ta sauka. Ya daɗe yana dubanta.

"A'a. Kai za ka kira."

"To kai me za ka yi, Koci?"

"Zan tsaya in yi kallo. Je ka, uwarka tana jira."

Tobias ya ruga. Vernon ya tsaya shi kaɗai a bakin fili, rana tana gangarawa bayan rumbunan masara. Hannunsa ya tashi da kansa ya nufi kunne. Ya bar shi ya kai, ya murza a hankali, sannan ya sauke, ya sa hannuwan biyu cikin aljihu.