Sunan Surukin Hajo

Kallamu mugu ne, kuma muguntarsa ba ta buƙatar a sakaya ta. Da aka gama yaƙin basasa Hausawa suka fara komowa Kudu, kuɗin mai ya cika Fatakwal, kowa ya kama sana'ar da za ta rufa masa asiri, shi sai ya zaɓi fataucin mata. Yakan bi zawarawa da matan da yaƙi ya raba da mazajensu, ya ce ya samo musu aikin girki a kamfanin mai. In sun isa Fatakwal ya danƙa su ga wani mai otal, a kulle su, a riƙa turo musu maza.

Wadda ta tona shi uwar matarsa ce, Hajo mai tuwo ta Kasuwar Ose Okwodu a Anacha. Cikin matan da ya kai har da Ni'imatu, 'yar ƙanin Hajo, bazawara. Da shiru ya yi yawa, Hajo ta kife tukunyarta, ta hau motar albasa zuwa Fatakwal, ta yi ta cigiya har ta gano otal ɗin. Daga nesa ta hango surukin nata zaune a ƙofa yana shan lemo, yana kaɗa mukullan ɗakunan a yatsa. Ta juya ta kirawo 'yan sanda.

Tunda laifin ya ratsa jihohi, gwamnatin tarayya ta ɗauki shari'ar, aka kai ta babbar kotu a Inugu. Kallamu ya ɗauko lauya mai baki kamar rediyo. Lauyan ya nemi beli, aka hana. Ya nemi a ɗage saboda wai Kallamu na fama da hawan jini, aka ɗage. Ya nemi a mai da shari'ar Fatakwal, aka yi watsi da buƙatar. Duk zaman da za a yi sai Hajo ta zo, ta sauka a unguwar Ogui gidan ƙawarta Dina, wata 'yar Kagoro mai suyar ƙosai. Da lauyan ya ga matar ba ta gajiya, sai ya koma cewa Kallamu direba ne kawai, ya rage wa matan hanya, bai san abin da ake yi a otal ba. Mai otal kuwa ya riga ya gudu. Babu wanda ya ga mukullai a hannun Kallamu sai Hajo.

Ranar shaidarta ta shiga akwatin shaida, ta ja mayafi, ta juya wa wanda ake tuhuma baya. Tun ranar da aka ɗaura auren 'yarta ba ta taɓa kallon fuskarsa ba, balle ta kama sunansa. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma tarbiyya ce mai kyau in ta samu suruki na kirki.

Lauyan gwamnati ya yi tambaya, tafintan kotu Mista Wilson, mutumin kudancin Zariya, ya fassara.

"Mama, wa kika gani riƙe da mukullai?"

"Mai gidan yarinyar nan."

"Wace yarinya?"

"Ta gidana mana."

"Yaya sunanta?"

"Kai Wilson, 'yar fari ce fa. Kai ba ka da uwa ne?"

Hausawan da ke bayan kotu suka fashe da dariya, har ɗan sanda ya buga benci. Lauyan Kallamu ya miƙe yana gyara gashin dokin da ke kansa. Ya ce shaida ba ta ambaci kowa ba, ba ta nuna kowa ba, ko duban wanda ake tuhuma ba ta yi ba, don haka yana roƙon kotu ta soke shaidarta, ta sallami mutuminsa. Wilson ya yi wa alƙali bayanin kunyar surukai. Alƙali ya saurara da murmushi, ya ce ya girmama al'ada, amma doka ba ta san wani mai gidan yarinya ba. Ya ce a je a ci abinci, in an dawo ko ta faɗi suna ko ta nuna da yatsa, in ba haka ba zai amince da roƙon lauya.

A gindin mangwaron harabar kotu Hajo ta zauna, Ni'imatu a gefenta, Dina ta tsaya a kanta riƙe da ƙugu.

"Yaya Hajo, ke da kika ratsa Fatakwal ke kaɗai, suna ne zai kayar da ke? Bi ni a hankali. Ce Ka."

"Ka."

"Lla."

"A'uzubillahi. Dina, bakin ya ƙi."

"Bakin da ke zagin masu albasa tun daga Ose har bakin gada? To nuna shi da yatsa."

"In nuna suruki da yatsa a gaban jama'a? Me za a ce a Anacha?"

"Za a ce kin yi abin kirki. Wallahi ni surukina ko barkono ya sata sai na kira sunansa a coci."

Suna cikin haka aka fito da Kallamu za a kai shi ɗakin tsaro. Da ya zo daidai su sai ya tsaya, ya tuɓe takalma, ya durƙusa har ƙasa da ankwa a hannunsa.

"Barka da rana, Inna. Allah ya ƙara girma, Allah ya bar zumunci."

"Lafiya lau," ta amsa tana kallon ƙasa, tun kafin ta yi tunani.

Ya tashi yana ƙyalƙyala dariya, ya ce wa ɗan sandan da ke rakiyarsa da Turancin kasuwa wai tsohuwarsa ce, ba za ta taɓa iyawa ba. Hajo ta shekara tana sayar wa Inyamurai tuwo, ta ji sarai. Ta dubi Ni'imatu, ta ga ta cusa kai cikin gwiwa. A nan ta gane kunyar da take yi masa ya mai da ita garkuwa, da ita ya yi lissafin kuɓuta tun farko. Ta karɓi ruwa a hannun Dina ta kurkure baki.

Da aka koma ta shiga akwati, ta sauke mayafi zuwa kafaɗa, ta juyo a hankali ta ƙare masa kallo daga hula har ƙasa.

"Ashe ma gajere ne," ta ce.

Wilson ya tambayi alƙali ko ya fassara wannan, alƙali ya ce a fassara komai.

"Mama, wa kika gani riƙe da mukullai?"

Ta ɗaga hannu ta miƙa yatsa.

"Kallamu. Kallamu ɗan Idi, mijin Rabi'atu 'yata. Ga shi can. Shi na gani, mukullai a yatsansa, kwalbar lemo a ɗaya hannun. Kallamu ne ya kai Ni'imatu, Kallamu ne ya kai sauran. Kallamu, ɗago kai ka dube ni, ai ni na dube ka."

Alƙali ya ce ya isa, kotu ta ji.

"Ranka ya daɗe, ka ɗan bar ni, yau ne bakin ya buɗe."

Dina ta yi guɗa daga baya, aka fitar da ita waje, ta ci gaba da yi ta taga. Lauyan Kallamu ya miƙe zai kawo sabon roƙo, alƙali ya ce roƙonsa na farko ya faɗi, in kuma yana da tambaya ga shaida ga ta nan. Lauyan ya dubi Hajo, ta gyara tsayuwa tana jiransa, ya ce ba shi da tambaya.

Kotu ta sami Kallamu da laifin yaudarar mata da kai su karuwanci dole. Aka ɗaure shi shekara bakwai da aiki mai tsanani a gidan yarin Inugu.