Odinatar da Ba a Kashewa

Alkasum tsohon direban motar siminti ne a Malbaza, kuma motarsa ba ta taɓa tashi da makulli ba, sai da turi. Saboda haka ya tsufa da doka ɗaya: inji in ya tashi, ba a kashe shi. Da ya bar tuƙi ya buɗe shagon odinata, wato kwamfuta, a Konni, da dokar ya zo. Har batir da sola ya saya don kada na'urar ta taɓa hutawa.

Tun farkon damina take kunne, kullum tana ƙara nauyi. Nafi'u mai gyara ya duba ya yi masa bayani da harshen direbobi. Ya ce manhajar waƙoƙin da yake bari a buɗe ce ke karɓar wuri a ƙwaƙwalwar na'urar ba ta mayarwa, kamar fasinjan da ya sauka ya bar buhunsa a kujera. Da wuri ya cika, na'urar ta koma kwashe kaya tana kaiwa faifan ajiyarta tana ɗaukowa, yinin ranar duk a dako yake ƙarewa. Magani a kashe a kunna. Alkasum ya kalle shi kamar ya ce a yanka masa saniya.

Ranar da za a rufe rajistar jarrabawar malaman asibiti ta intanet, wata yarinya, Hamdiyya, ta taso daga Bazaga ta zo shagon da takardunta. Shekara guda tana karatu don wannan rana. Tun bayan azahar take zaune, in ta danna harafi sai ta jira ya bayyana. Tsoro ya kama ta. Da ma ta ji labarin shawarar Nafi'u a shagon, ta ce, "Baba, don Allah a kashe a sake kunnawa, kamar yadda mai gyara ya ce."

"Ɗiyata, in ta mutu wa zai tura muna ita? Haƙuri za ki yi, hawan tudu take."

Hamdiyya ta kai shafi na ƙarshe gab da rufewa. Nan wuri ya ƙare ƙaf, har a faifan, na'urar ta yi abin da take yi don ceton kanta: ta rufe abu ɗaya. Shafin Hamdiyya ta zaɓa. Kafin a sake buɗewa an rufe rajista.

Hamdiyya ta kifa kai tana kuka, waƙa na ci gaba da tashi. Alkasum ya ji tausayinta sosai, ya shafa bayan odinatar ya ji ɗuminta.

"Sai baɗi, ɗiyata. Amma kin gani dai, ba ta mutu ba."