Mugun da Jami'a Ke Nema

Da shigarsa ofishin kocin makarantar, Mista Rusk bai ko zauna ba sai da ya sa Tavion Broadnax ya cire takalmi ya jingina da bango. Ya auna tsayinsa, ya auna hannayensa tun daga kafaɗa har yatsu, ya sa shi ya durƙusa ya miƙe, ya zagaya ta bayansa yana duban ƙwaurinsa kamar mai cinikin bijimi. Aikinsa ke nan, yawo makarantun sakandare na kudancin jihar Jojiya yana farauto wa jami'arsu 'yan ƙwallo, irin ƙwallon da ake sa hular kwano ana gwabza jiki ana kayar da juna. Wanda ya yi masa, ya samu karatun shekara huɗu kyauta, har da ɗaki da abinci.

Koci Tubbs na gefe yana ɓare dafaffiyar gyaɗa, bakinsa har kunne. Shi ya raini Tavion a sahun gaba, sahun ƙartin da ba sa taɓa ƙwallo, ba a kiran sunansu a lasifika, aikinsu kawai su tare gaba su buɗe wa wasu hanya. Rabon da wata babbar jami'a ta leƙo garin nan har an manta.

"Jiki dai Allah ya ba ka," in ji Mista Rusk. "Ƙafafunka ma na da sauri, abin da ba a cika samu ga mai nauyinka ba. Na kalli bidiyon wasanninka kaf. Abu ɗaya ya hana ni kiran maigidana tun jiya."

"Mene ne, yallaɓai?"

"Duk wanda ka kayar sai ka miƙa masa hannu. Kai ɗan ƙwallo ne ko ma'aikacin asibiti? Mu mugu muke nema, yaro. Wanda in ya kai mutum ƙasa zai danne shi da ƙirji, ya tashi ya tsallake shi ya bar shi nan yana neman numfashi. Ka sa a ji tsoronka."

Tavion ya juya maganar a ransa. Tsoro? Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake cin tsoron mutane har ya gundure shi. In ya shiga kanti, mai gadi na biye da shi. In ya biyo titi, tsofaffin mata su danna makullin mota. Malamai kan ce ya rage murya alhali bai ɗaga ba. Filin ƙwallo ne kaɗai inda girmansa ba laifi ba ne, kuma a nan ya yanke wa kansa hukunci: zai kayar da kowa, amma ba wanda zai mayar da shi dodon da ake zato. Ga shi yau an zo da karatu a hannu ana cewa ya zama dodon.

A hanyar fili Koci Tubbs ya ja shi gefe. "Ɗana, saurara. Na yau kawai. Ka ba shi abin da ya zo gani, in ka shiga jami'ar ka ɗaga duk wanda ka ga dama. Tuna da mahaifiyarka."

Ai ba sai an tuna masa ba. Da safen nan ta goge masa riga kafin ta tafi masana'antar kaji, inda take tsayuwa wuni guda tana yanka har yatsunta suka kanannaɗe. Ta shafa kumatunsa, sai da ta yi ɗage kafin ta kai.

Rana ta take, ciyawa na tururi. 'Yan wasa suka yi da'ira, aka shimfiɗa katako a tsakiya yadda aka saba: mutum biyu gaba da gaba, ƙafa a kowane gefen katakon, usur na tashi a haɗu, wanda aka tura baya ya sha kashi. Koci ya kira Seddy Pruitt, ƙaton da ya fi kowa taurin kai a masu kai hari, kuma abokin Tavion tun suna satar kankana a gonar mutane.

"Yau zan kunyata ka gaban baƙonka, buhun masara," in ji Seddy, yana ɗaure hular kwano.

"Kai dai riƙe haƙoranka, sauran kaɗan ne."

Usur ya tashi. Ƙarar haɗuwarsu sai da ta kori tsuntsaye daga kan allon maki. Tavion ya shiga ƙasa-ƙasa, ya cusa hannaye a ƙirjin Seddy, ya ɗaga shi har ƙafafunsa suka rabu da katakon, ya yi ta tura shi baya, da'ira na darewa, sannan ya maka shi da ƙasa rigingine. Yara suka ɓarke da ihu. Har Mista Rusk sai da ya cire tabarau.

Sai ihun ya mutu, don labarin abin da baƙon ya zo nema ya riga ya kai kunnen kowa. Tavion na tsaye a kan abokinsa, yana haki. Seddy ya dube shi ta tsakanin ƙarafan gaban hular, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai su biyu.

"Tsallake ni, wawa. Taka ni ma in ka so. Wuce!"

Tavion ya miƙa hannu.

"Wallahi ba zan kama ba," in ji Seddy, ya naɗe hannayensa a ƙirji. "Kar ka zubar da karatunka a kaina. Ɗayanmu dai ya fita garin nan, mana!"

Nan zuciyar Tavion ta karye, sannan ta ƙeƙashe. Ashe har Seddy ya yarda cewa sai an taka shi kafin wani ya ci gaba. Ya sunkuya ya damƙi kafaɗun rigarsa da hannu biyu, ya fizgo shi sama kamar buhu, ya tsayar da shi kan ƙafafunsa ko ya so ko ya ƙi. Har ya kakkaɓe masa ciyawar baya. Duk wannan idonsa na cikin na Mista Rusk.

"Kawo wani, Koci," ya ce.

Koci Tubbs ya kira wani. Shi ma ya sha ƙasa, shi ma aka tashe shi. Na bayansa ma haka. Ba wanda ya sake yin ihu.

Mista Rusk ya mayar da tabarau, ya tako a hankali har gaban Tavion. Ba fushi a fuskarsa, sai wani abu kamar takaici.

"Ka ji abin da na ce a ofis?"

"Na ji, yallaɓai."

"Ka san abin da ka watsar yanzu? Akwai yara dubu da za su taka uwarsu don wannan damar."

"To ka je wurinsu, yallaɓai."

"Ba wata babbar jami'a da za ta ɗauke ka a haka. In ka yi sa'a, ka ƙare a wata ƙaramar kwaleji da muke gayyatowa farkon kaka mu lallasa don motsa jini."

Tavion ya san da yamma zai zauna gaban mahaifiyarsa ya faɗa mata da bakinsa. Wannan ya fi komai ci masa rai. Amma ya cire hular kwano ya rataya a yatsa, ya share gumi, ya dubi mutumin daga sama, don ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

"To sai mun zo, yallaɓai," ya ce. "Ka jera min mugayen naka. Su ma in na gama da su zan tashe su."