Bugun Zuciyar Alli

"Yaya, don girman Allah ki tsaya! Aurena za ki kashe!"

Malama ta fizge hannunta daga riƙon ƙanwarta Auta, ta ci gaba da taka matakalar zauren baje kolin bibbiyu. Ko ƙurar allin da ke gefen mayafinta ba ta tsaya kakkaɓewa ba. Tana tsakiyar koya wa ɗalibanta lissafi wata abokiyar aikinta ta miƙo mata waya ta taga, ta ce, "Wannan ba abin nan naki ba ne?" Nata ne kuwa. Ga hoton Manaja, mijin ƙanwar tata, ya sha kwat, ya ɗaga na'urar sama kamar wanda ya ci kofi, an rangaɗa sunansa a jikinta da ruwan gwal.

"Aurenki?" Malama ta waiwayo. "Ke kika buɗe masa ɗakina, ko ba ke ba?"

"Cewa ya yi saƙo zai tura da kwamfutarki."

"Ai kuwa ya tura. Ya tura wa kansa gumina gaba ɗaya."

Ita ba injiniya ba ce, sha'awa ce kawai ta kama ta. Rabin teburin cin abincinta ya koma na wayoyi da dalma, yatsunta duk tabon ƙuna. Na'urar 'yar matsewa ce kamar maƙalin shanya. A sa yatsa a ciki, wata 'yar jar fitila ta haska tsokar, wani ɗan ido a ƙasa ya riƙa lura da yadda hasken ke dushewa duk sanda jini ya bugo. Haɗa wayoyin bai ba ta wuya ba. Abin da ya sha mata kai shi ne hayaniya. Rawar hannu, numfashi, ƙyaftawar fitilar ɗaki, inuwar fanka, komai idon nan kwashewa yake, sai bugun zuciyar ya ɓace a ciki kamar kukan jariri a tashar mota. Ta zauna ta rubuta lissafin da zai tace tarkacen ya bar bugun, ta raɗa masa suna rariya. Ita ce Manaja ya kwafe.

Zauren ya cika maƙil. An jera tebura, kowa na tallar abin da ya ƙera, amma jama'a sun fi yawa a gaban dandamali, inda Manaja ke riƙe da lasifika. Tun yana saurayi ake kiransa Manaja, ba a kuma taɓa ganin abin da yake kula da shi ba sai bakinsa.

"Ranku ya daɗe, barci ma sai da na daina saboda wannan aiki," yake cewa. Ya maƙala na'urar a yatsan wani dattijo mai furfura daga cikin alƙalan gasar. A babban allon bango wani koren layi ya fara tsalle, sumul, ba karkace ba gargada. "Saba'in da biyu! Baba, zuciyarka ta matashi ce, sai dai a ƙara aure!"

Aka kwashe da dariya, aka tafa.

Malama ta tsaya cak tana kallon layin. Ta san wannan sumul ɗin. Wani murmushi ya suɓuce mata wanda ya sa Auta ja da baya.

Tsohuwar rariyar ya sata. Wadda ta watsar tuntuni saboda rawar kanta. An ce wa rariyar ta nemo bugu irin na mai lafiya, to sai ta nemo shi ko ta halin ƙaƙa. Duk bugun da ya zo a karkace sai ta ɗauke shi hayaniya ta zubar, ta cike gurbin da na ƙarya. In ma ba bugun gaba ɗaya, sai ta tattaro ƙyaftawar fitilu ta murza ta, ta mai da ita zuciya. Sabuwar, wadda ta iya cewa ba ta ji komai ba, tana cikin wani ɗan filashin kwamfuta a jakarta.

Ta ɗaga hannu. "Malam mai ƙirƙira, a gwada ni mana."

Manaja ya hango ta. Amma bakin bai mutu ba. "A'a, Babbar Yaya da kanta! Jama'a, yayar maiɗakina ce. Ku tafa mata, ita ke ba ni shayi in ina aiki."

"Shayi ko?" Ta hau dandamalin a nitse. "Allah Sarki. Kawo abin."

Ya matso da bakinsa kusa da kunnenta. "Yaya, ki rufa min asiri. Mu je gida, kashi biyu za mu yi."

"Da ka zo ɗauka kashi nawa ka bar min?"

Ta karɓi na'urar. Maimakon yatsa, sai ta zura hannu a jaka ta zaro guntun alli, ta ɗaga shi kowa ya gani, ta maƙala shi a ciki. Siririn allin ya bar kafa ta gefe, hasken dogayen fitilun rufin ya sami hanyar shiga. Layin ya yi 'yar rawa, ya kwanta, sannan ya miƙe ya fara tsalle. Sumul.

Saba'in da biyu.

Can daga baya wani ya ce, "Kai, allin nan ya fi ni lafiya!" Dariya ta ɓarke kamar an fasa madatsa. Wayoyi suka tashi sama.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya dubi yatsansa, ya dubi allon. "Yaro, yi mana bayani. Me ke bugawa a cikin alli?"

"Ranka ya daɗe, wato, akwai 'yar matsalar wuta a zauren nan."

"Wane irin bugu tacewar ke zubarwa?" Malama ta tambaya da muryar da take titsiye ɗalibin da ya kwafi amsa. "Wanne take bari? Kai da ka daina barci ai ka sani."

Gumi ya karyo masa har cikin kwalar riga. Ya nemi Auta da ido. Tana gindin dandamali, ta rufe fuska da mayafi.

"Faɗa musu wa ya rubuta," in ji Malama. "Da lasifikar. Yadda ka faɗi zancen shayi."

Ya yi wuƙi-wuƙi. Sai kuma wani abu ya gilma a idonsa, kamar wanda ya hango ƙofa a ɗakin da ke ci da wuta. Ya ɗaga lasifikar da sauri.

"Ita ce! Wallahi ita ta rubuta komai, ni kwali kawai na yi masa na sayar. Ko layi ɗaya ban taɓa ba. Duk abin da ke ciki nata ne!"

Maganar ta zagaya zauren ta dawo. Malama ta lumshe ido, wani sanyi ya ratsa ƙirjinta. Abin da ta baro aji dominsa ke nan, ga shi ta samu a gaban kowa.

Da ta buɗe ido, jama'a na darewa gefe. Wani mutum ne ke tahowa ta tsakiya, sanye da rigar direbobin manyan motoci, idanunsa jajur. Ba ta taɓa ganinsa ba. Ya wuce Manaja ko kallonsa bai yi ba, ya ajiye wata na'ura irin wannan a kan tebur. Jar fitilarta na ci har yanzu.

"Wancan na zo nema," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amma na ji an ce ke ce."

Ya nuna na'urar da ya ajiye.

"Tun safe matata ke dafe ƙirji. Na sa mata wannan, ya ce saba'in da biyu. Na sake sawa, saba'in da biyu. Na ce mata gajiya ce, ta kwanta ta huta."

"Yanzu tana ina?" Malama ta tambaya.

Ya dube ta, ya dubi allin da ke ta bugawa a bango.

"Ɗauko jakarki, Malama. Mota na waje, ki zo ki gan ta da idonki."